Shagon NIN ɗin da ya ƙi karɓar kuɗinmu a Gombe

Jama'a assalamu alaikum. Wannan bayanin na masu baƙo ne a gida, wanda ya taso daga Nijar ko Kamaru ko Chadi ko Sudan ya zo ya zauna a Gombe yana neman lambar NIN, wato lambar shaida ta ƙasa, da mu ɗin da muke ɗaukar nauyinsu. Akwai wani ɗan shago a wajajen Jekadafari da ke yin rajistar NIN da fotokwafi da cike fom, ba zan kama sunansa ba don ban nemi izinin mai shi ba, amma in maki biyar ake bayarwa ni huɗu zan ba shi, kuma ɗayan da na rage ba don aikinsu ba ne, na wurin zama ne da zafi, zan zo kansa. Huɗun nan kuwa na ba shi ne saboda mutumin ya ƙi yi mana rajistar da muka je nema a ranar, ya kuma zaunar da mu ya faɗa mana dalili dalla-dalla, abin da ba kowane mai shago ne zai yi ba alhali ga kwastoma ya zo da kuɗi a aljihu.

Ƙanin matata ne ya zo daga Damagaram ta Nijar yana taya ni aiki a Tudun Hatsi, awo da lissafin buhuna da tsayawa kan lodi. Duk wanda ke kasuwar nan ya san tun wahalar takardar kuɗi ta farkon 2023 ciniki ya koma tiransfa, ɗan dako ma yanzu lambar akawun zai karanto maka, to yaro yana aiki ba shi da inda za a tura masa ko sisi. Tun Disamba 2023 Babban Bankin Najeriya ya ce ko ƙaramin akawun irin na waya sai da BVN, wato lambar shaida ta banki, ko NIN, manya kuma sai duka biyun. Ga maganar layi, wadda kowa ya sani tun Disamba 2020 lokacin da ɗan garin nan Malam Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, aka yi ta ɗaga wa'adi har dai aka rufe a Satumba 2024. Kenan ba waya ba akawun, mutum yana gari amma komai sai ya ari na wani.

Shawarar da ake ba mutum a kasuwa ba ɓoyayya ba ce, kowa ya san ta. A ce maka ai Bahaushe ne, wa zai gane, kai shi a samo masa takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma, a ce ɗan Dukku ne ko Nafaɗa, a je a ɗauki hotonsa shikenan. Mutane da dama sun faɗa mini haka kuma da zuciya ɗaya suka faɗa, taimako suke ganin suna yi. Ni dai na ce bari in ji daga bakin wanda aikinsa kenan tukuna.

Abin da ya fara burge ni da shagon, kafin a ce mana kawo kaza, kafin a ba mu fom, mai shagon ya dubi yaron ya ce, “Malam a ina aka haife ka?” Ya ce Damagaram. “Baba fa, ɗan ina ne? Inna fa?” Duka can. Sai ya juyo ya ce da ni, “Alhaji to wannan baƙo ne a idon doka, ko da kuwa Hausarsa ta fi tawa, kuma baƙo hanyarsa daban.” Ya yi mana bayani cewa tsarin mulkin 1999 sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a wajen Najeriya yana zama ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, uwa ko uba, ba wai don yayarsa tana aure a Gombe ba. Sai ya ce a ba shi fasfo. Ya buɗe shafin hoto ya duba ranar ƙarewa, ya ci gaba da buɗawa har ya kai kan hatimin shigowa na Maigatari, ya matso da shi kusa da fuska saboda tawadar ta ɗan kwanta, sannan ya miƙe ya je jikin kalandar da ke rataye a bango yana bin makonni da ɗan yatsa yana ƙirga kwanakin da suka rage wa yaron a cikin 90 ɗinsa. Wallahi a nan na san mun zo wurin da ya dace.

Kwana 90 ɗin nan shi ne tushen komai kuma yawancinmu ba mu san da shi ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa a cikin ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba biza, amma na kwana 90 ne, kuma da takardar tafiya mai kyau. In zai wuce haka, zama zai yi ko aiki ko kasuwanci, sai ya je imigireshin ya nemi katin zama na ƴan ECOWAS. Mu a tunaninmu “ba biza” na nufin ba takarda kwata-kwata, mutum ya hau mashin ya tsallako ta cikin gonaki ya zauna shekara goma. To ranar da ya buƙaci NIN ko akawun sai a tambaye shi yaushe ka shigo, ba shi da abin nunawa.

Na tambayi mai shagon to ai Nijar ta fita daga ECOWAS, ya ce haka ne, ita da Mali da Burkina Faso fitarsu ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, amma a ranar ƙungiyar ta fitar da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarsu masu tambarin ECOWAS, a kuma bar musu damar shiga da zama kamar da, har sai an sake wata sanarwa. Ya ƙara da cewa kalmar “har sai an sake sanarwa” ita ce ya kamata ta sa mutum ya yi sauri, abin da ake yi maka yau a sauƙaƙe ba ka da tabbacin gobe haka zai kasance.

Daga nan ya ɗauki wata farar takarda ya rubuta mana abin da za mu haɗa, da Hausa ya rubuta kuma da manyan baƙi. Fasfo na asali wanda bai mutu ba, da fotokwafin shafin hoto da na shafin hatimin shigowa. Hotuna ƙanana irin na fasfo. Wasiƙa daga wanda yake yi wa aiki ko wanda yake zaune a wajensa, wato ni kenan, in rubuta cewa na san shi kuma na tsaya masa, in haɗa da tawa shaidar da adireshin gida wanda in an zo za a same shi, ba “bayan masallaci” kawai ba. Takardar haihuwarsa ta can in akwai. Ya ce mu tambayi kuma rajistar baƙi da gwamnati ta fara a 2019, wadda ake yi wa duk baƙon da zai wuce kwana 90, kyauta ce, a ofishin imigireshin ake yi. In katin zama ya fito, to shi ne mabuɗin, da shi da fasfo ake zuwa neman NIN, kuma da su ne banki ma zai saurare shi.

Sannan ya faɗi wani abu da ban taɓa ji ba duk da yawan maganar NIN da ake yi a gari. Dokar da ta kafa NIMC, hukumar da ke bayar da NIN, a 2007 ta lissafa waɗanda ake yi wa rajista, ɗan ƙasa, da baƙon da yake da izinin zama na dindindin, da baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida na shekara 2 ko fiye. Kenan wanda ya sauka jiya ba NIN ce abin da zai fara nema ba, izinin zama ne. Shi ya sa ya ce shi a shagonsa ba ya ɗaukar baƙo a na'ura, yana haɗa masa fayil ne ya tura shi ofishin NIMC na jiha, su ne za su dubi irin izinin da ke hannunsa su yanke. Ya ce, “Alhaji da zan danna masa ɗan Najeriya a kwamfutar nan minti goma ya ishe ni, amma lasisina ne zai tafi, shi kuma na ɗaura masa abin da ba zai iya kwancewa ba.”

A nan nake so in tsaya sosai, don wannan ne ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu da waya. NIN lamba 11 ce kuma guda ɗaya ake ba mutum har ya koma ga Allah. Ranar rajista ana ɗaukar yatsunka goma da fuskarka, duk abin da aka rubuta a ranar ya manne da yatsun nan. In aka rubuta an haife ka a Dukku, iyayenka ƴan Dukku, to gobe ba za ka sake zuwa wani shago ka ce a yi maka sabuwa ta gaskiya ba, na'ura za ta gane yatsun ta ce wannan ai yana ciki. Ga fasfonka na Nijar yana cewa Damagaram ga NIN tana cewa Dukku, duk ranar da takardun nan biyu suka haɗu a teburi ɗaya, a banki ne ko a boda ko wajen neman bizar Umara, kai ne za ka yi bayani, kuma bayar da bayanin ƙarya wajen rajistar nan laifi ne a doka. Ba shi kaɗai ba, har wanda ya sa masa hannu ya ce ya san shi. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Kuma mu duba halin da ake ciki na tsaro, yau in wani abu ya faru a unguwa aka zo bincike, baƙon da ke da fasfo da hatimi da katin zama zai nuna ya koma aikinsa, wanda aka samu da takardar ɗan asali ta garin da bai ma san sunan hakiminsa ba shi ne zai kwana yana amsa tambaya, ko da kuwa mutumin kirki ne wanda bai taɓa ɗaukar allurar wani ba. Yaran nan amana ne a hannunmu, iyayensu sun turo su ne su nemi na kansu, bai kamata mu ne za mu fara sa su a hanyar da za ta zame musu bala'i ba don gudun zirga-zirgar ƴan makonni.

Wani abu kuma da mutane ke ruɗewa a kai, NIN ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce, shaidar cewa kai ne kai ce. Baƙo zai iya mallakarta da sunansa na baƙo, ba ta sa ya zama ɗan Najeriya, ba ta ba shi katin zaɓe, kuma ba ta raba shi da ƙasarsa. To tunda akwai ƙofar da aka buɗe masa, me zai kai shi haura katanga.

Maganar layin waya ma ashe tana da mafita. Mai shagon ya ce tsarin rajistar layi da aka sabunta a 2021 ya cire wa baƙon da zamansa bai kai shekara 2 ba wajabcin NIN, fasfonsa da shaidar shigowarsa ake amfani da su. Sai dai ya ce kar mu je wajen masu lema a bakin titi, mu je babban ofishin kamfanin layin da kansa, don a can ne suka san da wannan. Haka muka yi kuma an yi masa, yanzu layin da ke hannunsa da sunansa yake. Wannan kaɗai ya isa in gode wa mutumin, don kafin nan layin da ke da sunana yake riƙewa, duk abin da aka yi da shi ni za a nema.

Ina zaune a wurin na ga yadda ya yi da wasu, shi ya ƙara mini natsuwa cewa ba don ya ga Alhaji da babbar riga ba ne. Wani dattijo ya zo da matar ɗansa ƴar Garwa ta Kamaru, yana cewa ai ta auri ɗan Najeriya ta zama tamu. Mai shagon ya ce, “Bappa a gida ta zama taku, amma a takarda aure kaɗai ba ya mayar da ita ƴar ƙasa kai tsaye.” Sashe na 26 na tsarin mulki ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar ta nemi a yi mata rajistar zama ƴar ƙasa, nema ake yi ta Ma'aikatar Cikin Gida, da takardar aure da sauransu, kafin nan baƙuwa ce mai buƙatar izinin zama. Kuma Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS, nasu katin daban ne, shi ake kira CERPAC, da lissafin dala ake biyansa, don haka ya ce su je imigireshin da takardar auren su tambayi abin da ya shafi matar ɗan ƙasa kafin su biya kowa komai. Ƴaƴanta kuwa ba su da matsala tunda ubansu ɗan Najeriya ne, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya za a kawo, yaron da bai kai 16 ba ana jingina rajistarsa ne da NIN ɗin uba ko uwa.

Akwai kuma wani saurayi da aka haifa a Sudan, yana cikin waɗanda suka dawo bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, Hausarsa da ɗan karin Larabci. Shi da kansa yana ganin baƙo ne, yana ta ɗari-ɗari. Da aka bincika ashe mahaifinsa ɗan Najeriya ne kuma akwai tsohon fasfon mahaifin a hannunsu. Mai shagon ya ce masa kai ai ɗan gida ne, ya faɗa masa abin da zai haɗo ya dawo a ɗauke shi a nan. In kun ga yadda fuskar yaron nan ta sake. Wanda kuma ya shigo a matsayin ɗan gudun hijira na gaske, shi takardarsa daga hukumar kula da ƴan gudun hijira ta ƙasa take fitowa, ita ce madadin katin zama a wajensa.

Wanda na tausaya wa shi ne wani mai sayar da shayi, ɗan wajen Maraɗi, ya daɗe a gari, ba fasfo ba hatimi, katin shaidarsa na can ma ya mutu. Mai shagon bai yi masa ƙarya ba, ya ce ba abin da zan iya yi maka a nan, sai ka fara gyara ta ƙasarku, ko ka je ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano ka ji ta bakinsu ko ka koma gida ka yi fasfo ka shigo ta ƙofa a buga maka. Mutumin ya fita ransa ba daɗi, kuma na san akwai inda zai je a karɓi kuɗinsa a yi masa ta bayan fage. Allah ya sa dai ya ji shawarar.

Sai maganar suna, wadda ita ma in ba a kula ba tana cin kuɗi. Takardun Nijar da rubutun Faransanci suke, Mahamadou, Issoufou, Ousmane, Aboubacar, mu kuma hannunmu ya saba da Muhammad da Yusuf da Usman. Yarinyar da ke kan kwamfuta ita ta buga mini wasiƙar tsayawa, na faɗa mata sunan da baki ta ce, “Baba bari in gani a fasfo,” ta kwafe shi harafi bayan harafi yadda yake a can, ta juyo da allon kwamfutar ta ce yaron ya karanta da kansa kafin ta fitar. Ta ce duk takardar da za a yi masa a Najeriya haka sunan zai tafi, da jerinsa, kar a mayar da na uba gaba a wata takardar a mayar da shi baya a wata. Haka ranar haihuwa, da yawa daga mutanen can shekara kawai aka rubuta musu, sai ka ga fasfo ya sa 1 ga Janairu, to a bar shi a hakan kar wani ya ce ai da damina aka haife shi a canza. Gyaran ranar haihuwa a NIN tun 2025 ya haura naira dubu 28, ban da jira, alhali rajistar farko kyauta ce.

Tunda na ambaci kyauta bari in faɗi yadda suke da kuɗi. A jikin ƙofa an manna takarda an rubuta rajistar NIN kyauta ce, a ƙasa kuma an jera kuɗin fotokwafi da buga wasiƙa da hoto da laminatin, kowanne da farashinsa. Abin da muka biya kenan, na takardun da aka buga mana da hotuna. Bayanin da ya ɗauki lokaci yana yi mana bai karɓi ko kwabo a kai ba, na miƙa masa wani abu na ce ya sha ruwa ya ce a'a Alhaji, in katin ya fito ku zo in duba muku kafin ku wuce. Fotokwafinsu dai ya ɗan fi na cikin kasuwa tsada, amma yana fita tas, hatimin Maigatarin nan da ya kwanta sai da ta sake fitar da shi ta ƙara masa duhu har ranar ta fito ana karantawa, kuma na farkon da bai yi kyau ba ba ta sa mana a lissafi ba. Ta kuma hana mu yi wa takardar haihuwarsa ta asali laminatin, ta ce a sa ta a leda kawai, wasu ofisoshin suna son su taɓa hatimin da hannu.

To yanzu makin da na rage. Shagon ƙarami ne ƙwarai, benci ɗaya ne a ciki, sauran mutane a waje suke tsayawa kuma rumfar ba ta kai ta rufe kowa ba, wanda ya san ranar Gombe ta watan Maris da Afrilu ya san abin da nake nufi. Na ga tsohuwa ta zauna a kan dakalin maƙwabta tana fifita da fom ɗinta. Mata da maza layi ɗaya ne, ba a ware musu ko kujera biyu ba, kuma yawancin masu kawo yara rajista mata ne da goyo. Wannan gyara ne da ba zai ci masa kuɗi sosai ba, tabarma da ƙarin kwano biyu a rumfa sun isa, na kuma faɗa masa baki da baki. Sola ɗinsu tana ɗaukar kwamfuta da na'urar yatsu amma ba ta ɗaukar injin fotokwafi, in ba wuta sai an tada janareta, shi kuma ba ya tayarwa sai aiki ya taru, kenan kana iya zama jiran takarda biyu har a samu mutum biyar. Ga netwok, in ya tsaya kowa ya tsaya, wannan kam ba laifinsu ba ne, amma da sun riƙa faɗa wa na waje halin da ake ciki da ya fi, maimakon mutum ya yi ta tsayuwa bai san ko ana motsi ba.

Sannan komai a kan mai shagon yake. In ya fita sallah ko ya je wani uzuri, yaran suna iya ɗaukar hoto da yatsu amma tambayar baƙi sai a ce a jira Oga. Don haka mai irin matsalarmu ya je da safe kafin rana ta ɗaga, lokacin yana nan kuma kansa bai ɗau zafi ba. Ranar Juma'a kuwa ba na ba da shawara, da wuri suke rufewa.

Wajen ɗaukar yatsu suna da haƙuri, wannan na gani da idona. Wani ɗan dako da na sani a kasuwa ya zo, yatsunsa duk sun shafe saboda ɗaukar buhu, na'ura ta ƙi karɓa, yarinyar ta ba shi ɗan tsumma mai laima ya goge, ta ce ya murza hannuwansa su yi ɗumi, ta riƙa dafa masa yatsan a kan gilashin ɗaya bayan ɗaya har ya kama, ba tsaki ba harara. Mata kuma suna gaya musu tun a ƙofa cewa in an sha lalle mai kauri a kan yatsu gara a bari ya ɗan kwanta kafin a zo. In an gama ana ba mutum ƙaramin silif mai lambar bibiya, wannan ba shi ne NIN ɗin ba, da shi ake dawowa karɓar silif na gaske mai lamba 11, kuma suna nanata wa kowa kar ya yar. Wanda ya riga ya yi ya manta lambarsa kuwa ba sai ya zo shago ba, ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi.

Mu dai inda muke yanzu, mun kai fayil ɗin ofishin imigireshin na jiha kafin kwanakinsa su cika, jami'in da ya karɓa ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya bai ce a ƙaro komai ba, an ba yaron shaidar cewa ya shigar da nema, ita yake yawo da ita tare da fotokwafin fasfo, na asalin yana gida a ajiye. Kuɗin aikinsa ina rubuta masa a littafi yana karɓar abin da yake buƙata a hannu har katin ya fito a buɗe masa akawun nasa na kansa. Mai niyyar zuwa shagon ya tafi da baƙon nasa ƙafa da ƙafa, kar ya je shi kaɗai da hoton takardu a waya, mutumin ba ya duba hoto, na asali yake so ya riƙe a hannu. Ku tafi da ruwan sha, in da tsoho ko mai goyo a tafiyar ku ɗauki ƴar kujera.